Kaza ta fara ɗingishi: a duba ƙafar tukuna kafin a sayi kafso

Yau batun kaji ne, kuma batun ƙafarsu. Duk mai kiwon kaji a gida ya san irin wannan safiya: an buɗe akurki, an watsa tsaba, kowa ya rugo, sai guda ta biyo baya tana ɗingishi, ko kuma ta kwanta a gindin rumbu tana kallon abinci ta kasa isa gare shi. Ga wanda ba shi da kaza, abin ƙarami ne. Ga matar da kajin nan su ne asusunta, da su take sayen sabulu da littafin makarantar yaro, da su take fita kunyar baƙo, ba ƙaramin abu ba ne. Kazar da ba ta tafiya ba ta kiwo, sauran na tattaka ta suna saran ta, kafin sati ya zagayo ta rame ta koma ƙashi da gashi.

Abin da aka saba yi biyu ne. Ko a aiki yaro wajen mai tallar magani ya sayo kafso a buɗe a zuba cikin ruwa, ko a wasa wuƙa. Wani lokaci wuƙar ce daidai, za mu zo wurin. Kafso kuwa sau da yawa kuɗi ne aka zubar, don ɗingishi alama ce kawai, kamar ciwon kai ga mutum. Abin da ke kawo shi ya fi goma, kuma galibinsu ana ganin su da ido idan an kama kazar an duba.

Kafin ma a kama ta, a tsaya a yi wa kai tambaya uku. Guda nawa abin ya taɓa, ita kaɗai ce ko suna da yawa? Tsako ce, sagara ce, ko uwa mai ƙwai? Ban da ƙafar, akwai wani abu, kamar zawo, ko numfashi da ƙyar, ko murɗewar wuya? Idan guda ce, idonta garau, tana cin abinci, ƙafa ɗaya kawai take ɗagawa, to matsalar tana jikin ƙafar nan. Idan ƴan tsaki ne sa'o'in juna suka fara tare, a tuhumi abinci. Idan kuwa manya da ƙanana ne, ga zawo, ga mutuwa, wannan ba maganar ƙafa ba ce kuma, annoba ce ta shigo.

Sai a kama ta a hankali, a sa ta a hammata, a rufa mata kai da ɗan ƙyalle ta natsu. A wanke ƙafafun biyu da ruwa, don laka da kashi na ɓoye komai. A fara daga farce a yi sama: yatsu, tafin ƙafa, ƙwauri, gaɓar nan mai lanƙwasawa baya da muke ce wa gwiwa, sannan cinya. Kowane wuri a gwada shi da na ɗaya ƙafar. Wanne ya fi kumburi, wanne ya fi zafi a hannu, ina take zabura idan an latsa?

Zare, ƙaya da kumburin tafi

Abu na farko da za a nema shi ne wanda aka fi rainawa: zare. Zaren buhu, zaren ɗinki, gashin kitso na roba da aka tsefe aka zubar a tsakar gida. Kaza na tono a bola ya naɗe mata yatsa, tana tafiya yana ƙara shaƙewa, har ya nutse cikin fata a daina ganinsa. Jini ya daina isa, yatsar ta kumbura, ta yi baƙi, ta guntule. Duk kazar da kuka gani da gundumin yatsa, mafi yawa abin da ya same ta ke nan. A sa tsinin allura ko bakin reza a ɗago zaren a yanke, a tabbatar an warware shi duka, a goga Betadine. Aikin minti biyar ne. Haka igiyar da ake ɗaure kaza da ita ranar kasuwa, a rataye ta kai ƙasa a bayan babur tun daga ƙauye: tana sauka tana ɗingishi, wani lokaci da gurjewa a ƙwauri. Wannan hutu take so na kwana biyu ko uku. Mai ɗaure kaza a gida kuwa ya yi da ƙyalle mai faɗi, ya riƙa sauya ƙafa.

Sai tafin ƙafa. A nan ƙaya ke shiga, ta tsidau ko ta aduwa ko ƙarangiya, da fasasshiyar kwalba da guntun waya. Raunin kansa ƙarami ne, amma kaza a kan kashinta take tafiya, sai ƙwayar cuta ta bi ƙofar ta shiga. Bayan ƴan kwanaki tafin ya kumbura kamar an cusa goro, ya yi zafi, a tsakiya a ga baƙin tabo mai tauri. Manyan zakaru masu nauyi da ke dirowa daga bango ko bisa itace kan ƙasa mai tauri su ma suna samun sa, ko babu ƙaya.

Abin da ya kamata a sani shi ne mugunyar tsuntsu ba ruwa ba ce irin ta mutum. Daskarewa take yi, ta zama dunƙule kamar cuku. Saboda haka matsawa ba ta fitar da ita, kuma maganin da aka zuba a ruwan sha da ƙyar yake isa cikinta. Ga yadda ake yi. A dafa ruwa lita guda a bar shi ya huce ya zama mai ɗumi, a narka babban cokali guda na gishiri, a tsoma ƙafar minti 10 zuwa 15, ana riƙe da kazar don kar ta sha. A yi haka safe da yamma. Idan abin sabo ne, jiƙawar nan da Betadine da ɗauri sun isa. Idan tabon ya yi laushi ya fara ɗagowa da kansa, a wanke hannu da sabulu, a ɗaga shi a hankali, a ciro dunƙulen da ke ƙasansa, a wanke ramin da Betadine, a sa auduga mai tsabta, a naɗe da bandeji ana bi ta tsakanin yatsu, ba da matsi ba. A ajiye ta ita kaɗai a kan busasshen yashi ko ƙaiƙayi, a sauya ɗaurin kullum ko bayan kwana biyu. Yakan ɗauki sati biyu zuwa uku. Amma in kumburin ya haura zuwa gaɓa, ko tabon ya ƙi ɗagowa, kar a sa reza ana tona nama. Akwai jijiyoyi a wurin, wannan aikin malamin dabbobi ne.

Ƙwarin da ke cin ƙafa, da wanda ke zuwa da dare

Ku dubi ƙwaurin lafiyayyar kaza: ɓawon da ke jikinsa a jere yake, sumul, yana ɗan sheƙi. Idan kuka ga ɓawon ya tashi ya yi burɗin-burɗin, fari-fari kamar an yaɓa busasshen ƙullu, ƙafar ta yi kauri kamar ta mai faso, wannan ƙazuwar ƙafa ce. Mutane kan ce tsufa ne, don ta fi kama tsofaffin kaji. A gaskiya wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya gani, yana haƙa rami ƙarƙashin ɓawon, a can yake ci yake haihuwa. Yana bi daga kaza zuwa kaza a wurin kwana. Idan an bar shi, ƙafar na tsagewa ta yi jini, yatsu su lalace.

Maganinsa na da arha, haƙuri kawai yake so. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da sabulu, a goge a hankali da tsohon buroshin haƙori, a tsane, sannan a shafe ta da basilin ko man gyaɗa tun daga farce har inda gashi ya fara, ana turawa sama don man ya shiga ƙarƙashin ɓawon. Man toshe wa ƙwaron numfashi yake yi. Sai dai dole a maimaita duk bayan kwana biyu ko uku har sati uku zuwa huɗu, a kuma yi wa duk kajin da ke kwana tare. Kar a ɓamɓare ɓawon da ƙarfi, zai faɗi da kansa, kuma ƙafar ba ta komawa sumul sai bayan watanni. Baƙin man inji da kananzir da wasu ke shafawa suna kashe ƙwaron, gaskiya ne, amma suna ƙona fata, kuma dafinsu na shiga jikin kazar da za a ci gobe. A bar su.

Akwai kuma wanda ba za ku same shi a ƙafar ba ko kun duba, kaskar kaji. Da rana tana ɓoye cikin tsagar bangon akurki, da ƙarƙashin ɓawon itacen da kaji ke kwana a kai. Da dare ta fito ta sha jini ta koma. Akurkinmu na laka, lokacin zafi, gidanta ne. Ƴaƴanta ƙanana su ne ke maƙalewa kwanaki a jikin kaza, ƙarƙashin fiffike, kamar an barbaɗa ƴan baƙaƙen ƙwayoyi. Yawunsu na da dafin da ke kashe ƙafafu, sai a ga kaza ta yi laushi ta kasa tsayuwa, zankonta ya koɗe saboda ƙarancin jini. Kaskar na kuma ɗauko wani zazzaɓi mai sa koren zawo. Alama guda da mata suka sani: kaji su ƙi shiga akurki da magariba, ko mai kwanci ta tashi ta bar ƙwanta. A ɗauki tocila bayan isha'i a haska bango, za a gan su suna yawo. A cire na jikin kazar, a shafa mai a wurin, a fitar da kajin daga ɗakin. Tsohuwar shimfiɗa a ƙone ta, a babbake cikin akurkin da wutar kara, a yaɓe duk wata tsaga, a shafa farar ƙasa. In za a yi feshi, a karɓi maganin wajen ma'aikatan kiwo, ba na feshin wake ko na auduga ba. Kuma kar a ce an rufe ɗakin wata biyu yunwa ta kashe su. Babbar kaskar nan na iya yin fiye da shekara ba ta sha jini ba.

Idan daga abinci ne

Nan ne kiwon zamani ya kawo mana abin da kakanninmu ba su cika gani ba. Kazar da ke yawo tana haɗa wa kanta abinci: gara, fara, tsutsa, ɗanyen haki, guntun ƙashi, tsakuwa. Ranar da aka kulle ta, don tsoron ɓarawo ko shaho ko don kar ta shiga shukar maƙwabci da damana, aka ce ga dusa ga hatsi, to an yanke mata duk wannan. Hatsi da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi kusan babu shi a cikinsu. Dusa ma haka.

A jikin ƴan tsaki abin kan fito tsakanin sati biyu zuwa shida. Su yi taku kaɗan su zauna a kan gwiwa, girma ya tsaya. Ku taɓa bakin tsakon: idan yana lanƙwasuwa kamar roba, ƙwaurin ma haka, to ƙashi ne bai yi ƙwari ba. Ko dai kalsiyam ya yi kaɗan, ko kuma bitamin D, wanda jikin kaza ke yi da kansa idan rana ta taɓa ta. Abin mamaki a ƙasa irin tamu mai rana, amma tsakin da aka rufe a ɗaki mai duhu, ko ƙarƙashin kwando a cikin zaure, ba su ganin ta. Hasken da ya ratso gilashi ma ba ya wannan aiki. A fito da su hantsi, awa guda ta isa, da inuwa kusa.

Uwa mai ƙwai ita ma tana faɗawa. Ɓawon ƙwai guda na ɗauke da wajen giram 2 na kalsiyam, in babu a abinci, daga ƙashinta take zara. Sai a fara ganin ƙwai mai laushin ɓawo, daga nan kazar ta kwanta ta kasa tashi alhali idonta garau. Abincin kanti na kaji masu ƙwai na ɗauke da kalsiyam wajen kashi 4 cikin 100, na ƴan tsaki kuwa wajen kashi 1. Wannan bambancin ba wasa ba ne: wanda ya ba ƴan tsaki abincin masu ƙwai don shi ya samu a kasuwa, zai lalata masu ƙoda, gaɓoɓinsu su kumbura.

Gyaran yana cikin gida. Ƙashin da aka ci nama aka yar, a ƙona shi har ya yi fari, a daka. Ɓawon ƙwai a gasa shi a daka lukui, don in an ba su shi yadda yake za su koyi fasa ƙwai. Ɓawon katantanwa ma haka. A zuba a wani gwangwani dabam a ajiye, mai bukata za ta ci daidai bukatarta. A ƙara masu da garin busasshen kifi, da gara, da ganyen zogale, da ɗan ƙuli-ƙuli marar gishiri wanda bai yi fumfuna ba. Wata magana da ya kamata a gyara: kanwa ba ta gina ƙashi. Danginta gishiri ne, kuma kaza ba ta jure gishiri da yawa, musamman tsako.

Akwai wani nau'in da ke da saurin ganewa. Tsako ya dunƙule yatsunsa ciki kamar mai dambe, yana tafiya a kan gwiwa yana dogara fiffike. Wannan ƙarancin bitamin B2 ne. Idan an farga cikin kwanakin farko, garin bitamin na kaji da ake sayarwa a farmasin dabbobi, a ruwan sha, yana miƙe yatsun cikin ƴan kwanaki. Nono da yis na burodi ma na ɗauke da shi. A ajiye ruwan a inuwa, don hasken rana na kashe wannan bitamin. In an yi sati biyu ana kallo, jijiyar ta riga ta lalace. Haka wanda gwiwarsa ta kumbura ta baje, ƙafar ta juya waje: jijiyar bayan gwiwa ce ta zame daga mazauninta, yawanci saboda ƙarancin wani sinadari mai suna manganis, wanda masara ba ta da shi sosai, dusar alkama da ta shinkafa kuwa suna da shi. Wanda ta riga ta zame masa da wuya ya gyaru, amma a gyara abinci don a tsirar da sauran.

Masu sayen ƴan tsakin gidan gona na kwana ɗaya su kula da shimfiɗa. Leda, takarda mai santsi ko siminti mai sulɓi na sa ƙafafun tsako su baje, ɗaya gabas ɗaya yamma. A shimfiɗa tsohon buhun algarara ko ɓuntun shinkafa. Wanda ya riga ya baje, a haɗa ƙwaurinsa biyu da siririn filasta, a bar tazara daidai tsayuwarsa, kwana uku zuwa biyar ya miƙe, in an yi da wuri. Su kuma fararen kajin nama da ake kiwo don azumi da salla, an ƙirƙire su su kai wajen kilo 2 cikin sati shida, nama na riga ƙashi girma. Kar a bar masu fitila da abinci dare da rana. A ba su awowi na duhu, a nisanta ruwa da abinci kaɗan don su taka, shimfiɗa ta zauna a bushe. Wanda ya kwanta don nauyi ba zai tashi ba, lokacin yankansa ne ya yi.

Karaya ba ta da wuyar ganewa: jaki ya taka, ko yaro ya jefa, ƙafar na lilo. In a ƙwauri ne kuma fata ba ta fashe ba, ɗori na kamawa. A miƙe ƙashin, a naɗa auduga, a sa sillen kara biyu gefe da gefe, a ɗaure ba da matsi ba, a ajiye ta cikin kwando sati biyu zuwa uku ana duba yatsun kar su kumbura ko su yi sanyi. In a cinya ne, ko ƙashi ya huda fata, kar a wahalar da ita. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma naman wadda ta karye lafiya lau yake in an yanka da wuri.

Waɗanda ba na ƙafa ba ne

Yanzu ga inda ake asarar garke. Idan sagara ko ɗan zakara mai wata biyu zuwa biyar ya fara jan ƙafa, babu rauni babu kumburi, bayan kwanaki ya kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya kamar mai tsallaka rami, yana ci amma yana ramewa, ana zargin cutar Marek. Sunan wani likitan dabbobi ne na ƙasar Hangari da ya fara bayaninta a 1907. Ƙwayar cutar na bin ƙurar gashin kaji, tana kama jijiyar cinya. Ba ta kama mutum, amma ba ta da magani. Rigakafinta ranar da aka ƙyanƙyashe tsako ake yi, saboda haka mai sayen ƴan tsakin gidan gona ya tambaya ko an yi masu.

Wadda ta fi kashe mana kaji ita ce annobar nan da ke zuwa da hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasal, sunan wani gari na Ingila. Koren zawo, buɗe baki ana numfashi, kaji su takure kamar sun yafa bargo, a wayi gari a kwashi biyar, gobe goma. Waɗanda suka kwana biyu ba su mutu ba su ne ake gani da shanyayyar ƙafa ko fiffike, wuya a murɗe, suna kallon sama ko suna juyi wuri ɗaya. Babu kafson da ke taɓa ta. Rigakafi kawai, na allura ko na ɗigo a ido, wanda ma'aikatan kiwo da mataimakansu na ƙauye ke yi, kuma lafiyayyun kaji ake yi wa, kafin sanyi ya shigo, a maimaita yadda suka ce.

Murar tsuntsaye na kama da ita, har ido ba ya raba su sai an kai gwaji. Alamar da ta shafi batunmu: ƙwauri ya yi ja ko shuɗi-shuɗi kamar jini ya kwanta ƙarƙashin fata, kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi, mutuwa farat ɗaya. Mutanen jihar Damagaram ba su manta da watan Fabrairun 2006 ba, lokacin da aka tabbatar da ita a Magariya. Ita tana iya kama mutum. Duk gidan da kaji ke zubewa haka, kar a yanka a ci, kar a kwashi sauran a ruga kasuwa da su, don haka cutar ke tsallakawa daga gari zuwa gari. A hana yara taɓa su, a sa leda a hannu a binne mushen cikin rami mai zurfi, a sanar da ma'aikatar kiwo mafi kusa ko mai gari a ranar.

Akwai kuma shanyewar da guba ke kawowa. Kaji sun samu mushe ko tumbin da aka zubar bayan layya, sun cinye tsutsar da ke ciki, ko sun sha ruwan kududdufi mai ruɓa. Cikin kwana guda ƙafafu su saki, sai fiffike, sai wuya ya yi laƙwas kaza ta ajiye kai a ƙasa. Bambancinta da Niyukasal shi ne wuyan ba ya murɗewa, saki yake yi. A nemo mushen a binne. Wadda ba ta ci da yawa ba takan tashi in an sa ta inuwa ana ɗiga mata ruwa a gefen baki kaɗan-kaɗan.

To ina amfanin kafso? Yana da wurinsa. Idan gwiwoyi ko tafin kaji da yawa sun kumbura, da zafi, da ruwa a ciki, sau da yawa tare da atishawa, ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa, kuma akwai magungunan kaji da ke rage ta. Amma malamin dabbobi ne zai faɗi wanne, da awo, da kwana nawa. Rabin kafson mutum a kaskon ruwa yau, gobe babu, koya wa ƙwayar cuta jure magani kawai yake yi. Kuma duk kazar da ke shan magani, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin takardar da za a jira kafin a ci namanta ko ƙwanta. Magungunan ciwon jiki na mutane kuwa a nisanta su da kaji. Diklofenak, wanda ake sha don ciwon gaɓoɓi, shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya, ta hanyar mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Ƙodar tsuntsu yake kashewa. Tramol ma ba abin ba kaza ba ne.

Ƴan uwa da ke Agadas, Legas, Abijan, Aljeriya ko Libiya, da yawanku ku kuka aiko kuɗin da aka sayi kajin nan, kuma ku ake kira idan sun kwanta. Kafin ku turo na magani, ku ce a ɗauko maku hoton tafin ƙafar bayan an wanke, da ɗan bidiyon tafiyarta ta WhatsApp. Ku tambayi guda nawa ne, watansu nawa, me suke ci, ko an shigo da sabuwar kaza daga kasuwa kwanan nan. In an shigo da ita, ku ce nan gaba a ware baƙuwa sati biyu kafin ta haɗu da na gida. In amsar ita ce kaji da yawa ne kuma ana mutuwa, kuɗin ku tafi ga kiran malamin dabbobi, sauran a ajiye na rigakafin waɗanda za a sayo bayan an share akurkin an bar shi ya huta.